Ƙafata a Silin Garejin Baba

Ba zan taɓa mantawa da ranar da ƙafata ta riga bakina gaishe da dattawan unguwarmu ba.

Da Baba ya sayar da tsohuwar motarsa, na yi ta yi masa naci har ya bar min garejin na kafa keken ɗinkina. Sai dai ɗakin nan tanda ne. Sama kwano, ƙarƙashinsa silin mara ƙwari, bangon yamma kuma rana na dukansa tun azahar. Mata su zo awo, kafin na lalubo tef sun fice suna fifita da gefen hijabi. Baba ya ce in ciniki bai kankama ba, taki zai zuba a ciki.

Wata ƙawata ta ce a gidansu ɓuntun shinkafa suka ɗura a buhuna suka jera a saman silin, zafin kwano ya daina saukowa. Ɓuntu kuwa a Kura, masu injin har godiya suke maka in ka kwashe. Na sa mai keke ya kawo min, bangon kuma na jingina masa zana ta waje. Baba ya ce, "Ki bari kafinta ya zo ya hau." Kafinta ya ce gobe. Da goben ta yi ya ce jibi. (Ni da ko ruwan shayi ba na iya jira ya tafasa.)

Ran nan da hantsi na zura tsohon wandon Yaya Sani, na ɗaure kai da tsumma, na kafa tsani na shige ta 'yar ƙofar silin. Ina jan buhu ina rarrafe a kan katako. Na yi rabi ke nan sai na ji ana shimfiɗa tabarmi a ƙasa. Ashe Baba ya kira manoman da suke shan kanal ɗaya su sasanta rabon ruwa, zaurenmu kuma an yi masa sabon siminti. Wani ya ce, "Wannan tsanin ya tare wuri," ya fitar da shi waje.

To ku faɗa min, ta ina zan sauko? Ba hijabi, ba zani, ga wandon maza, a gaban sa'annin ubana? Na ce bari na lafe, ai yanzu za su tashi. Duk wanda ya san manoman rani a kan maganar ruwa ya san na tafka wauta.

"Kai ne ka toshe min hanya da ciyawa!"

"Malam Audu, ka ji tsoron Allah, tumatirina har ya fara yaushi!"

Suna ta yi, ni kuma kwano na gasa min baya, gumi na shiga ido, ɓuntu ya shige duk inda bai kamata ba. Ƙaiƙayinsa kuwa ba ya jin lallashi. Na lanƙwasa hannu zan sosa tsakiyar baya, gwiwata ta zame daga katako. Ɓurum! Ƙafata ta ɓurma silin har cinya. Buhun da ban ɗaure bakinsa ba (sauri nake) ya kife ta gefen ramin, ya juye a kan hular Malam Audu.

Aka ɗauki salati. Wani har ya kai bakin ƙofa da takalmi ɗaya. Sai na ji muryar Baba a hankali: "Wandon dai na Sani ne, amma Sani ba ya ƙunshi. Uwata, ke ce?"

Me zan ce? Na ce, "Ni ce, Baba. Sannunku da zuwa."

Malam Audu yana tofar da ɓuntu ya ce, "Yawwa 'yata, sannu da aiki. Alhaji, mu muna nan muna faɗa a kan ruwa, ashe kai shinkafa ake maka daga sama!"

Dariyar da suka yi, har kwanon sai da ya amsa. Baba ya kora su waje, Umma ta kafa tsani ta miƙo min hijabi, tana ta ƙunshe baki.

Washegari kafinta da kansa ya zo da sassafe, labari ya riga ya kai masa. Ya liƙe ramin, ya ƙarasa jera buhunan, ɗakin ya yi sanyi. Mata suka dawo, rabi don ɗinki, rabi don su ɗaga kai su ga facin. Ni dai duk wadda ta shigo kallo sai ta bar yadi, kuma gareji ya zama nawa.

Abin da na koya? In za ki hau sama ba izini, tafi da hijabinki, ki kuma ɗaure bakin buhu. Haƙuri kam, har yanzu ana fama.