Ranar da Na Binne Baba Ilu da Biro

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba da na yi a Daudawa ba. Ko ni na so in manta, mutanen garin ba za su bar ni ba.

A lokacin ban cika wata huɗu da kama aiki a sashen adana kayan tarihi na wani ɗakin karatu ba. Kafin nan malamin firamare ne ni a Ƙanƙara, na daɗe ina koyar da lissafi, kuma na zo da halin malaman lissafi: idan na ga gurbi a takarda babu amsa, sai in ji kamar ƙaiƙayi ya shiga mini riga.

Aikin farko da aka ba ni na kaset ne. Wani dattijo mai sayar da kaset a kasuwar Sabuwa ya rasu, 'ya'yansa suka kwaso mana abin da ya bari, buhu-buhu. Ashe ba sayarwa kaɗai yake yi ba. A zamanin ƙuruciyarsa yakan rataya rikoda ya bi ƙauyuka, Ruwan Godiya, Mabai, Daudawa, yana ɗaukar makaɗan noma da na maƙera da zabiyoyin biki. Wasu kaset ɗin ya rubuta musu suna da jan biro, wasu kuwa sai Allah.

Shugabata, Hajiya Rabi, mace ce mai sanyin magana wadda ta karanci aikin nan tun daga tushe. Ta zaunar da ni ta ce wannan aiki yana da ƙa'ida, kuma ƙa'idar ɗaya ce ko'ina, don baƙon da zai zo bayan ba mu nan ya karanta ya gane. Ana farawa daga sama ne: wa ya tara kayan, ta yaya suka zo hannunmu, nawa ne yawansu. Sannan a sauko rukuni-rukuni, ba tare da an hargitsa jerin da mai kayan ya bari ba. Daga ƙarshe kowane kaset a yi masa katinsa: sunan da ke jikinsa harafi da harafi, mai waƙar, wuri, lokaci, kayan kiɗa, tsawon waƙar, da lafiyar zaren. Duk abin da ka ƙara daga kanka, ka nuna kai ka ƙara, ka faɗi inda ka samo shi. Abin da ba ka sani ba kuwa, ka rubuta ba a sani ba.

Na ce to. (A zuciyata na ce mutum da takardar shaidarsa ya zauna yana rubuta "ba a sani ba" daga safe har la'asar? Ai sai a ɗauka barci nake yi a ofis.)

Katunana na farko ta duba su ɗaya bayan ɗaya, ta yaba, ta sakar mini mara ta koma kan nata rukunin. Nan na fara ƙarin gishiri.

Akwai wani kaset da ya shiga raina. Abin da ke jikinsa kalma uku ne kacal: Ilu, gayya, Daudawa. Waƙar noma ce, irin wadda ake zuga samari da ita idan an taru a nome gonar mutum ɗaya. Muryar mai waƙar a dishe take, tana rawa kamar ta tsohon da ya ba saba'in baya. Na dubi kaset ɗin, na ga ya girme ni ko ya yi kusa. Na haɗa saba'in da shekaruna, na ga amsar ta wuce ɗari. Sai na ɗauki biro, cikin natsuwar mai ilimi, na rubuta "Marigayi Ilu".

Ban tsaya nan ba. A bayan gangar noman akwai wani sauti mai zurfi, dum, dum, dum, ba ya sauri ba ya jinkiri. Na saurara ya fi sau goma, ban taɓa jin ganga mai irin wannan murya ba. Na rubuta a gurbin kayan kiɗa cewa ana jin wata babbar ganga ta mutanen da, wadda ga dukkan alamu ta ɓace daga ƙasar Faskari. Da na karanta abin da na rubuta, har ni kaina na burge kaina.

Hajiya Rabi tana da al'ada: kafin a shigar da katuna cikin babban kundi, takan je garuruwan da waƙoƙin suka fito, a kunna wa dattawa, a karanta musu, su gyara. Da hanya ta yi lafiya muka tafi Daudawa. Tafiyar tana da muhimmanci a wurinta, don an ce akwai gidajen da ke da tsofaffin kaset a ƙarƙashin gado, suna jiran su ga ko mu mutanen kirki ne kafin su fito da su. Ni kuma a ranar za ta yanke ko za a tabbatar da ni a aikin.

Aka shimfiɗa mana tabarmi a ƙofar gidan mai gari, dattawa sun kai ashirin. Ni na roƙa a fara da katina. Na kunna kaset, waƙa ta tashi, na ga kawuna suna kaɗawa, wani har yana bin amshi a hankali. Na kashe, na miƙe tsaye (ba wanda ya ce in miƙe), na gyara hula, na karanta da muryar da nake kiran sunayen ɗalibai:

"Waƙar gayya, daga bakin marigayi Ilu na Daudawa, Allah Ya jiƙansa."

Mutum biyu ko uku suka ce amin, don baki ya saba. Sai wuri ya yi tsit. Na ɗauka waƙar ce ta tuna musu da mamacin, har na sunkuyar da kai don in taya su alhini.

Can gefe wani tsoho mai farin gemu, da sanda a kan cinya, ya yi gyaran murya.

"Malam," in ji shi, "yaushe aka yi rasuwar? Ni dai ba wanda ya aiko mani."

Na ce, "Baba, ka san shi ne?"

"Tare muka kwana, tare muka tashi. Ni ne Ilu."

Dariyar ba ta fashe nan take ba, wannan shi ya fi ciwo. Ta fara ne daga kafaɗun mai gari, ta bi tabarma. Wani ya juya ya ce wa waɗanda suka amsa amin su je su nemi gafarar Baba Ilu. Na dubi Hajiya Rabi, na ga ta ja mayafi ta rufe baki tana duban wata bishiya kamar ba ta taɓa ganin bishiya ba.

Mai hankali da ya zauna. Ni kuwa na ga gara in farfaɗo da mutuncina, sai na ce to alhamdulillahi da aka same shi da rai, don shi kaɗai zai gaya mana sunan babbar gangar nan da ta ɓace. Baba Ilu ya ce a sake kunnawa. Ya karkata kunne, ya saurara, ya saurara.

"Wagga ganga tana nan gidana," ya ce. "Turmi ne. Uwar yara ce ke dakan hura bayan zana. Ko yau da sahe an kaɗa ta."

Nan kam har mai gari sai da ya share hawaye.

Bayan an lafa, Baba Ilu ya jawo ni kusa da shi ya ba ni labarin kaset ɗin. Ashe ranar da aka ɗauka bai kai talatin ba. Ya wuni yana waƙa a gona har murya ta dishe, mai rikoda ya iso a makare, ya bi shi gida ya roƙe shi ya maimaita a tsakar gida. Ya faɗa mini sunan mai gonar, da 'yan amshinsa biyu, da wanda ya riƙe ganga. Ya ce shekarar ce aka haifi babbar 'yarsa. Daga nan ya hana mu tashi, muka yi ta kunna masa kaset yana cewa wannan wane ne na Ruwan Godiya, wannan kuma ba waƙar biki ba ce, ta suna ce. Kafin azahar gurabun da suka gagare mu wata da watanni sun cika, kuma gida biyu suka aiko da kaset ɗinsu a cikin kwalla.

A mota Hajiya Rabi ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Sai da muka kusa Faskari ta ce in sake katin, in rubuta cewa bayanin daga bakin mawaƙin aka samo shi, a garinsu, a gaban shaidu. Tsohon katin kuma kada in yaga, in liƙa shi a jikin teburina. Aikin dai an tabbatar da ni.

Har yanzu nakan je Daudawa, kuma ina jin daɗin zuwa, duk da cewa a can sunana Malam Mai Likkafani. Baba Ilu yana nan da ƙafarsa, ya fi ni cin tuwo. Duk wanda zai zo wajenmu sai ya ba shi saƙo, a ce mini gawar da na binne tana gaishe ni.

Abin da na koya bai da yawa. Lissafi yana da amfani, amma ba shi ke ɗaukar rai ba. Kafin ka rubuta wa mutum "marigayi", ka fara zuwa ƙofar gidansa ka yi sallama, ka ji wa zai amsa.