Jarumi Marar Hadda da Sabon Dandamali: Hanyoyin Rufin Asiri

Kai jarumi, matso mu yi magana ta tsakani da Allah. Tun kana da gashi a ka kake fitowa a gidan wasan kwaikwayon nan, kuma ni da kai mun san ba ka taɓa haddace ko jimla ɗaya ba. Akwai rami a gaban dandamali, a ciki Baba Mai Raɗa yake zama da takardar wasa yana zubo maka magana, kai kuma ka maimaita da murya mai kauri har mata su yi hawaye. To ga shi an kawo injiniya zai zamanantar da gidan, kuma abin da ya fara nunawa da biro shi ne ramin nan, wai a toshe shi. Kada ka damu. Bi matakan nan, na yi maka alkawari asirinka ba zai tonu ba.

1. Zama mai kishin tarihi

A taron kwamiti kada ka kuskura ka ce kana bukatar ramin. Miƙe, dafa ƙirji, ka ce, "Ranka ya daɗe darakta, magabata ne suka haƙa ramin nan da hannunsu." Idan injiniya ya ce ɓeraye sun fi kowa cin moriyarsa, kuma nan za a binne wayoyin sababbin fitilu, girgiza kai ka ce 'yan zamani ba su san darajar komai ba. Za a toshe shi duk da haka, amma ka samu sunan mai kishi.

2. Mayar da Baba bayan labule

Tsoho ne, ba ya musu, kujera kawai zai nema. Matsalar ita ce makirufon da aka rataya a sama ko tarin sauro yana ɗauka. Ranar gwaji duk zauren zai ji Baba ya raɗa, "Wallahi ban ci amanarki ba," sannan kai ka faɗa da ƙarfi. Gwaggo, wadda take fitowa a matsayin matarka tun kafin ta fara rina gashi, za ta riƙe ƙugu ta ce, "Au, yau maza biyu ne da ni?" Ka ce amsa-kuwwa ce, laifin injiniya ne. Bar wurin kafin wani ya tambayi yadda aka yi amsa-kuwwa ta riga murya fita.

3. Nemi 'yar na'urar kunne

Ce wa injiniya kana so ka riƙa jin kiɗa sosai. Sai a hau da Baba ɗakin na'urori na sama, ya riƙa karanto maka kai tsaye cikin kunne. Sai dai ta hanyar nan masu fitilu ma suke magana da junansu, kai kuwa bakinka ya saba da fitar da duk abin da kunne ya shigar ba tare da ya biya ta ƙwaƙwalwa ba. Gwaggo za ta durƙusa tana kuka, "Maigida, me na yi maka?" Kai kuma ka dube ta cike da tausayi ka ce, "Rage hasken hagu, malam, ka ƙona mata goshi." Idan darakta ya riƙe kai, ce masa salon da ake yayi ke nan yanzu.

4. Kada ka rubuta a tafin hannu

An kafa ƙaton majigi a bango, kyamara kuma ba ta da kunya. Har kuskuren rubutunka 'yan kujerun baya za su karanta.

5. Ranar buɗewa, ka mutu

Zaure ya cika. A kujerun gaba ga 'yarka tare da surukanta, ta riga ta cika musu baki cewa babanta ko a barci aka tashe shi zai karanto wasan nan daga farko har ƙarshe. Ana tsakiyar fitowa ta farko batirin kunnenka ya ƙare. Shiru. Fitilu sun dallare ka, Gwaggo tana jira, 'yarka tana murmushi tana gyaɗa maka kai. Nan za ka ji tsoro na gaske, irin wanda ba ka taɓa iya kwaikwayonsa ba.

Dafe ƙirji ka faɗi. Na san a wasan kai ne za ka binne kowa, amma ba wanda ke tambayar gawa abin da ya kamata ta ce. Gwaggo za ta faɗa kanka tana kururuwa, ta matse maka kunne ta ce, "Tashi, munafuki, ba yanzu ba ne!" Makirufo zai kai wa kowa. Kada ka motsa, ka daure har a ja ka waje ta ƙafa.

Gargaɗi

Ni dai rufin asiri na yi maka alkawari, kuma ya rufu. Amma idan kana kwance bayan labule ka ji Gwaggo ta ci gaba da wasan ita kaɗai, tana faɗin nata tana faɗin naka, ka ji tafin da ba a taɓa yi maka irinsa ba, sannan darakta ya leƙo ya ce, "Gobe ma ka mutu a daidai wurin nan," to babu ruwana. Kada ka zo mini gida, kada ka turo 'yarka.