Albarkar da Kafaɗata Ta Kasa Ɗauka

Ba zan taɓa mantawa ba, ko na so, da ranar da na je gaida mahaifin Hadiza a Karofane. Lokacin ina mushe, wato malamin makaranta, a wata lakwal ta Deule, ina neman aurenta, tsohon kuma bai ce e ba, bai ce a'a ba. An dai gaya mini yana cewa 'yan boko ba su da ƙashi.

Kafin nan wasu ƙuraje masu zafin wuta sun fito mini a kafaɗa. Sun warke, amma fatar wurin ta ƙi mantawa: riga ta goge ta, sai in ji kamar an yaɓa mini barkono. Lokotoro a Madawa ya ce sunan abin hyperesthésie, wato jijiya ta riƙa jin abu fiye da kima, taɓi kaɗan ya zama babba. Ya ce in sa tufa mai laushi, in kuma sanar da mutane. Sunan ya burge ni, na haddace shi. Shawarar kuwa na bar masa kayarsa.

Na tafi cikin sabuwar shadda mai sitaci (kamar kwano take, don tauri). Na durƙusa a zaure, kai ƙasa, murya ƙasa, yadda ake yi gaban surukai. Gumi na zuba, ina ta amsa "lahiya lau". Ladabin ya yi wa tsohon daɗi. Ya miƙo hannu a hankali, ya dafa kafaɗata ya ce, "Allah shi yi maka albarka."

Wayyo Inna! Haka na kurma ihu, har awaki suka watse a tsakar gida. Na daka tsalle, na ture butar shayi, hulata ta faɗa cinyar limamin garin da ke zaune kusa da tsohon. Sai na buɗe baki na ce, "Hyperesthésie ce, Baba."

Ya dube ni ya ce, "Wanda bai iya ɗaukar albarka, shi za ya ɗauki ɗiyata?"

Na ji kunya ƙwarai. Sai da kawuna ya koma ya yi bayani da Hausa, aka sha dariya, sannan aka ba ni ita. Na dai koyi cewa ciwon da ka ɓoye don kar a ce kai rago ne, shi zai yi maka shela da kansa. Yau 'ya'yanmu sun girma, amma in na shiga Karofane, tsohon daga nesa yake sa mini albarka, hannuwansa a baya.