Kafintan Ɗakin Amarya

Ba zan taɓa mantawa da ranar jeren Zalika ba, ko da kuwa na so in manta. Zalika 'yar yayana ce, kuma saboda bikinta na baro Abijan na dawo Filinge bayan shekara goma sha biyar. Murna kamar in tashi sama! Tun daga Baleyara nake gyara ɗaurin kallabi a madubin mota, ina ta shirya irin shigar da zan yi, ni gwaggon amarya wadda ta ga duniya.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai: Idi, yayan amarya. Na bar shi yana ɗan shekara takwas, ba ya magana, ba ya kallon idon kowa, in ya ji ganga sai ya toshe kunne ya yi ta ihu. Aikinsa kullum jera kwanonin uwarsa a tsakar gida, kuma wanda ya taɓa ɗaya ya jawo wa gida tashin hankali. Mutane suka ce aljanu ne, wani likita a Yamai ya ce sunan abin otizim, haka aka halicce shi. Ni kuwa, da yake bakina ba ya da linzami, na yanke masa hukunci tun a lokacin.

Dangin ango 'yan Bonkuku ne, ban san su ba. Na ce a raina, in suka ga Idi yana ihu a ɗakin amarya, za su koma gida da labarin cewa gidanmu akwai iska, Zalika ce za ta sha gori har ta tsufa. Saboda haka na ɗaura ɗamarar ceton yarinya (ba wanda ya sa ni, ku lura).

Ko ruwa ban sha ba na wuce ɗakin. Mata cike, namu da na ango, ga tasoshi da kwanoni zube a tabarma. Wani saurayi dogo ya juya baya yana kafa kantar jera kwanoni a bango, fensir a bayan kunne, yana gwada katako da mita. Rabi, uwar amarya, ta taso da guɗa za ta rungume ni, na ce mata ta dakata, akwai magana.

"Rabi, ina kunka kai Idi? A kai shi gidan maƙwabta hal a ƙare jeren ga. In ya ga kwanonin nan, mun shiga uku!"

Rabi ta fara ƙifta mini ido. Na ɗauka ƙura ce ta shiga mata. Sai na juya ga baƙi da murmushina na manya, na shiga yi musu bayani dalla-dalla: yaron ba ya jin magana, ba ya gane kowa, amma ba gado ba ne, wallahi shi kaɗai ne a zuri'armu. Har da kwatanta yadda yake toshe kunne na yi. Na rufe da ba kafinta umarni: "Malam, in ka hita ka ja muna ƙohwa."

Kafinta bai waiwayo ba, ya gama buga ƙusarsa tukuna.

"Gwaggo, ni na Idi."

Na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi. Shi kuwa ya ci gaba, murya a daidaice, ba fushi ba dariya, idonsa na kan katako.

"Randa za ki tahi Abijan kina zamne bisa turmi, kina cin gyaɗa. Kinka ce ma inna, wanga yaro ko gaisuwa ba shi iyawa hal abada." Ya ajiye guduma. "Ina wuni, Gwaggo. Ya hanya? Ya mutanen Abijan?"

Wallahi ban san lokacin da na amsa da "lahiya lau" ba, hawaye na wanke mini kwalli. Ashe duk abin da na faɗa a kansa yana ji, ya adana shi shekara goma sha biyar.

Wata dattijuwa cikin dangin ango ta fashe da dariya. "Hajiya, Idi za ki gwada muna? Ƙyauren ɗakina shi ya yi shi. Ango ma a wurin aikin Idi ya hwara ganin Zalika ta kawo ma yayanta abinci."

Daga baya Rabi ta ba ni labari. Magana ta zo masa a hankali, wajen shekara goma, sai wani kafinta a bakin kasuwa ya lura da yadda yake son daidaita abubuwa, ya ɗauke shi koyo. Wasu abubuwan sun yi sauƙi, wasu suna nan. Har gobe ba ya kallon ido, kuma da makaɗa suka iso na ga ya ciro auduga daga aljihu ya cusa a kunne, ya yi nesa da su abinsa.

Don in wanke kunyata na tsuguna ina taya jere, na ɗora wata babbar tasa a kan kantar. Idi ya dawo, ya dube ta, ya matsar da ita kamar faɗin yatsa biyu.

"Nan na wurinta, Gwaggo."

Na ce to. Duk tsawon hanya ina fargabar ko yaro ya canza, ban taɓa tambayar ko ni na canza ba. Shi ya koyi gaisuwa a shekarun nan. Ni kuwa, da furfurata, sai ranar na fara koyon gaishe da mutum kafin in ba da labarinsa.