Kiɗan da Don Aristóbulo Ya Ji Shi Kaɗai

Duk unguwar Rebolo ta birnin Barranquilla babu mai hangen nesa kamar Don Aristóbulo Pertuz, dillalin kayan lantarki. Shi ya fara faɗin haka, kuma bai taɓa samun dalilin janyewa ba. Tun da ya dawo daga Panama da wata 'yar na'ura kamar kwalin taba ake kiransa Jakadan Gobe. Ba kaset, ba faifai, waƙa na zaune a cikinta haka kawai. Ya maƙala ta a ɗamara, ya toshe kunnuwa da wayoyinta, ana gaishe shi yana kaɗa kai.

"Ku mutanen jiya ne," in ji shi. "Kiɗa ya bar titi, ya koma aljihun wayayyu."

Don a tabbatar, ya kyautar da rakodar gidansa ga maƙwabciyarsu Doña Ludys, yana yi mata jajen zama mutumiyar jiya.

Sai ga bikin cikar 'yarsa Yuranis shekara goma sha biyar, ranar da uba ke rawar farko da 'yarsa a gaban unguwa. Yarinyar ta daɗe tana mafarkin ranar. Uwarta ta yi magana da mai manyan lasifikoki, Jakada ya sallame shi, wai hayaniyar jahilai ce. Alhali a Rebolo, bikin da bai girgiza tagogin maƙwabta ba zaman makoki ne. Girman kai dai rawanin tsiya.

Ranar, tukunyar farfesun sancocho na tafasa a bakin titi, Yuranis ta fito cikin doguwar riga ruwan hoda. Jakada ya yi jawabi kan sabon ƙarni, ya ɗaga na'ura, ya danna. Abin da ya fito bai fi kukan sauro ba. Bai karaya ba, ya cusa waya ɗaya a kunnenta, ɗaya a nasa, suka fara juyi. Jama'a ba sa jin komai sai ƙarar takalma. Wata gwaggo ta tambaya ko wani ne ya rasu.

"Baba, don Allah ka bari," Yuranis ta ce, hawaye na ɓata mata kwalliya. Abin da ban tausayi.

Can sai tsohuwar rakoda ta ɓarke a ƙofar Doña Ludys. Baƙi suka tsallaka, tukunya ta bi su, yarinya ta zare wayar ta bi tukunya. Da kawunta ta yi rawar farko.

Jakada ya zauna tsakanin kujerun da ba kowa, yana kaɗa kai cikin ƙasaita. Batirin na'urar tuni ya mutu.