Haƙorin Inna Tabawa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Wanda Ya raba hankali tsakanin bayinSa kamar yadda Ya raba musu arziki, Ya ƙosar da wani, Ya ɗanɗana wa wani, bai kuwa zalunci kowa ba.

Bayan haka, a Unguwar Faru katanga ɗaya ce ta raba gidana da na wani bawan Allah mai suna Nomau. Su uku ne a gidan: shi, da matarsa Hansai, da mahaifiyarsa Inna Tabawa, wadda shi ne autanta. Yayarsa Hajiya Gwamma tana aure a birni. Nomau manomi ne mai ƙwazo, ba ya ƙarya, ba ya fashin jam'i, sai dai duk maganar da aka faɗa masa yakan ɗauke ta yadda aka auno ta, ba ragi, ba ƙari. An taɓa sa shi tsaron gonar dagaci kada awaki su shiga. Tumaki suka shiga suka yi ɓarna yana tsaye yana kallo, domin ba a ambace su ba. Mutane suna faɗa, Inna Tabawa kuwa tana dariya har da hawaye, tana cewa, "Ku ƙyale mini Auta, ku ne ba ku cika magana ba." Dariyar nan tata har zaurena nake jiyo ta.

Wata rana Inna Tabawa tana gatsar goruba, sai haƙorinta na gaba ya karye gida biyu. Nomau ya kai ta wurin likitan haƙori a birni. Likita ya kashe mata zafin, sa'an nan ya ce saiwar lafiya take, amma ragowar haƙorin zai tsage har ƙasa idan ba a sa masa marufi ba, irin wanda ake ƙerawa daidai da shi a kifa a kansa. Tsohuwa ta ce, "Allah Ya yi maka albarka, likita. Ni da na ga jikoki, in fito da baki yana ƙyalli kamar amarya? Ai sai a yi da ni a gidan biki." Ta dawo gida ta rufe baki da gefen mayafi. Ta daina zuwa suna, ta rage ci, dariyar kuma ta ɗauke ɗif. Da ma a ranar, da za su fito daga wurinsa, likita ya ce wa Nomau, "Kafin ta yarda, kada abu mai tauri ya shiga bakinta." Nomau ya kwashe cokula da ludaya da asuwaki ya kulle a rumbu, goronta kuma ya daka shi a turmi ya kawo mata gari a ganye.

Ta ce, "To furar fa, da me zan sha?"

Ya ce, "Ki ɗaga kai, Inna, in tsiyaya miki daga nesa."

Da yamma ya same ni a zaure, ya durƙusa. Ya ce, "Allah gafarta Malam, yau na yi wauta, Hansai ma ta shaida na yi. Amma Inna ba ta yi dariya ba." Ban taɓa ganin damuwa a fuskarsa irin ta wannan rana ba.

Wata rana ya koma wurin likita ya tambayi wane marufi ne ya fi. Likita ya yi masa bayani dalla-dalla. Na ƙarfe yana da juriya, amma daga nesa ake hango shi. Na zinariya yana daɗewa, ba ya cin haƙorin da yake karo da shi, sai dai shi ma ba ya ɓuya. Na tangaram ya fi kama da haƙorin halitta, amma yakan ɓalle idan ya gamu da abu mai tauri. Akwai kuma na wani farin dutse, wanda ya haɗa ƙwari da fari. Likita ya ƙara da cewa, "Kada ka tsaya a kan maganata kaɗai. Ka nemi waɗanda aka sa wa, ka ga yadda ya zauna a bakinsu." To, Nomau bai san waɗanda aka sa wa ba, saboda haka ranar kasuwa ya tsaya a bakin ƙofa, duk wanda ya zo wucewa ya yi masa sallama ya ce, "Don Allah ɗan buɗe baki." Waɗansu suka zaci ma'aikacin lafiya ne suka buɗe. Wani mai awo ya bi shi da mudu. Can ya dace da wani direba mai turmin haƙori na ƙarfe.

Direba ya ce, "Wannan? Ƙashin rago nake fasawa da shi."

Nomau ya zura yatsa don ya ji yadda ya zauna, direba kuwa bai gama magana ba. Da yatsa a naɗe ya dawo. Ni kaina ban tsira ba, bayan La'asar ya tare ni a ƙofar masallaci. Na buɗe masa, ya duba sama da ƙasa, ya ce cikin tausayi, "Malam, naka ai babu abin da za a rufe."

Wata rana ya kai zancen maƙera, inda ake gyara masa fartanya. Maƙeri ya ce, "Ni dai abin da ban gwada da hannuna ba, ba na kai shi bakin uwata." Nomau ya ga wannan magana ce ta gaskiya. Ya shiga ɗakin Hansai tana rijiya, ya sauko da farantan tangaram na jerenta. Ya ɗora goruba a kan ruwan fartanya ya maka mata taɓarya, ƙarfe bai ce komai ba. Ya ɗora wata a kan faranti ya maka, faranti ya tarwatse. Ya ce wataƙila wannan da ma mai rauni ne, adalci shi ne a gwada ɗan'uwansa. Yana kan na uku Hansai ta shigo da tulu a ka.

"Innalillahi! Kayan ɗakina, Malam Nomau!"

"Sannu da ɗiban ruwa. Saura zinariya, ɗan ciro mini ɗan kunnenki."

Hansai ta dafe kunnuwanta ta faɗa ɗakin surukarta. Inna Tabawa ta lallashe ta, ta jawo tsohon akwatinta ta ba ta farantan aurenta a madadi. Hansai ta gaya wa iyalina cewa ta ga kafaɗun tsohuwar suna rawa, amma mayafin bai bar bakinta ba.

Wata rana Hajiya Gwamma ta iso daga birni, haƙorin zinariyarta na walƙiya. Ta ce uwarsu ba za ta sa komai ba sai irin nata. Inna Tabawa ta ce, "Gwamma, wannan haƙorin Makka ne. Duk wanda ya gan shi zai kira ni Hajiya, ni kuwa ban taka ƙasa mai tsarki ba. In na amsa na yi ƙarya, in na yi shiru bakina ya yi mini." Suka aiko Nomau ya tambaye ni hukunci. Na ce masa zinariya halas ce ga mata, ga maza ma malamai sun yi rangwame idan larura ta kama. Amma a al'adarmu ta nan, wadda ta je Makka ita ce take sa shi, don haka tsantsenin mahaifiyarsa abin girmamawa ne. Kashegari da hantsi sai ga jaki a ƙofar gida an ɗaura masa akumari, ga buta, ga tabarma, ga ƙunshin ƙuli-ƙuli, Nomau ya juya kan dabbar ya fuskanci gabas.

"Inna, hau mu je. In mun dawo sai a sa miki."

Gwamma ta ce, "Kai, wawan Allah! Ka san hanya ne?"

Ya ce, "Yaya, ai kullum ita muke fuskanta a salla."

Inna Tabawa ta daɗe tana duban jakin da ɗan guzurin nan. Hawaye suka zubo mata. Ta ce, "Allah Ya kai ka, Auta, ko da babu ni." Sa'an nan ta juya ga 'yarta ta ce, "Ku kai ni a yi abin nan, kafin ɗan nan ya jefa ni a teku. Amma ku sani, kowane iri aka sa, bakina a rufe zai zauna. Ba zan zama abin nuni da tsufana ba."

Wata rana kuma, ita ce ranar awo, suka tafi su uku. Likita ya goge gefen haƙorin, ya ɗauki siffarsa da wani abu mai danƙo domin a kai wa masu ƙerawa. Gwamma ta haƙura da zinariya, aka tsaya a kan farin dutsen nan. Ta ce a yi shi fari tas kamar madara, sa'an nan ta fita neman wurin sallar Azahar. Likita ya ɗauko wani jeri na haƙoran gwaji, daga mai farin auduga har zuwa mai duhu-duhu. Tsohuwa ta runtse ido ta ce ita ba ruwanta. Sai ya miƙa wa Nomau ya ce, "Zo nan bakin taga, ka zaɓa mana irin nata sak."

Nomau ya wuce farare duka, ya ɗauki na can ƙarshe. Ya juya shi a haske, ya girgiza kai.

"Wannan ya yi kusa, amma ba shi ba ne. Nata akwai ja-ja a gindi, na goro da furen taba. A nan gefen dama akwai ɗan gurbi, inda take yanke zare in tana kaɗi. Kuma ba a miƙe yake ba, ya ɗan jingina da na kusa da shi."

Likita ya ce, "Har da gurbin kake so a yi?"

"Kai ka ce sak, likita."

Likita ya yi murmushi, ya ce masu ƙerawa suna iya yin haka, sai dai ba kasafai ake nema ba. Ya ɗauki hoton sauran haƙoran, ya zana abin da Nomau ya faɗa. Da Gwamma ta ji labari a mota, sai ta riƙe haɓa. "Mun zo yin sabo, ka sa an ƙera mana tsoho! Inna, kin ga aikin autanki?" Kafin mako ya zagayo labari ya cika gari, ana cewa Nomau ya yo wa uwarsa haƙori ɗan gwanjo.

Ranar da aka kifa marufin, likita ya miƙa wa tsohuwa madubi ta ƙi karɓa. Sai da Nomau ya riƙe mata shi a gaba, ta ɗan janye mayafi kamar mai leƙen ɗakin wani. Ta duba. Ta matso ta sake dubawa. Ta bi haƙoran da harshe ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, "Likita, an fasa ne?"

Gwamma ta sunkuyo ta ce, "Ga shi nan mana," ta nuna na kusa da shi, wanda Allah Ya halitta.

Nan fa dariyar da aka tsare ta ɓalle. Tsohuwa ta yi ta yi har mayafi ya zame ya faɗi ƙasa, masu jiran layi suna leƙowa. Washegari ta tafi suna a maƙwabta, ta ci, ta yi hira, ba wanda ya ga abin nuni. Waɗanda suka zo kallon haƙorin gwanjo suka koma suna gardama a kan wanne ne.

Da na sake jiyo dariyar ta katanga, na kira Nomau na ce, "Haƙorin nan ya karye tun kafin likita ya gan shi. Ta yaya ka riƙe siffarsa har da gurbin zare?"

Ya dube ni kamar na yi tambayar yara. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ai ni ta fi yi wa dariya. Wa ya kai ni ganinsa?"

Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya yafe mana wayonmu. Amin.