Rasuwar Kwamfutar Maktaba, Wadda Ta Tafi da Sirrin Kantoci

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, haushi ma ya fi yawa, ni Ummuhani Harisu, ɗalibar shekarar ƙarshe, nake sanar da rasuwar kwamfutar maktabar kwalejinmu ta Gadarif, ranar Lahadi da hantsi.

Marigayiya ta yi shekara tara tana nuna wa ɗalibai inda kowane littafi yake. Ka rubuta mata suna, ta yi “ƙirrr, ƙirrr, tiit”, ta ba ka lambar kantar da littafin yake. Ba ta taɓa hararata ba. Ma'aikatan wurin kuwa, a bar kaza cikin gashinta.

Ta yi wata biyar tana tari. An gaya wa mudir, shugaban maktaba, ya yi kunnen uwar shegu. Ran da ajali ya zo, da hannunsa ya jona butar shayinsa a soket ɗinta. Ƙauri kawai muka ji.

Ta bar littattafai dubu goma sha ɗaya, waɗanda tun zuwanta ake jerawa yadda suka iso, fiƙihu kusa da kiwon kaji, don ita ta san wurin kowa. Ta bar yayyenta, tsofaffin katunan da ake dubawa kafin zuwanta. Mudir ya kyautar da su ga wani dillalin hatsi, yana rubuta sunan mai kaya a bayansu. Na bi su har kasuwa. Guda na samu, na littafin ciwon awaki, ɗaure a buhun riɗi mai tafiya Gallabat.

Ta bar ni ma. Littafi ɗaya nake nema, mai koren bango, kan leburorin yankan riɗi na Mafaza. In babu shi malamina ba zai sa hannu a bincikena ranar Alhamis ba, sai in maimaita shekara. Kwana biyu ina kan tsani, kanta huɗu na gama cikin sittin. Na gaji, kuma ban yafe ba.

Za a kai ta makwancinta ranar Laraba da safe, a sito, gefen tsohuwar tafireta. Zaman makoki a maktaba, amma ba mai zama, ba shayi. Duk mai gaisuwa ya kama kanta ɗaya ya duba mini koren littafi. An keɓe wa mudir ta can sama, inda tantabaru ke kashi. Ni da kaina zan riƙe masa tsani.